Riga Mai Lamba Tara

Ni tela ne a bakin titin Tudun Wada,
ba ni da kulob.
Kekena bai san kore ba, bai san ja ba,
allura ɗaya ke huda rigar kowa.
Litinin yaran Gyallesu suka kawo nasu, korra shar,
Laraba na Muchiya suka zo da jajaye kamar tattasai,
magana ɗaya a bakinsu:
"Malam Barau, manna lamba, rage hammata,
Asabar za mu nuna musu."
Ban tambayi su wane ne "su" ba.

Asabar na rufe shago bayan la'asar.
An raba 'yan kallo da igiya,
igiyar shanya, irin ta bayan ɗaki,
'yan sanda bakwai na tsaye a kanta.
Na ƙirga su, ai ƙirga sana'ata ce:
bindiga biyu, kulki biyar,
mu kuwa mun haura dubu.
Sajan Ayuba na share gumi da hularsa,
na ji yana gaya wa mai rake
tun safe ruwan shayi kaɗai ya shiga cikinsa.

Saura minti tara a tashi.
Ƙwallo ta daki turke ta faɗo ƙasa.
Ta haye layi ko ba ta haye ba,
Allah masani,
don tokar da aka zana layin da ita
ruwan daren jiya ya tafi da ita Kubanni.
Rafali ya busa.
Jifan farko ledar ruwa ce, har aka yi dariya.
Na biyu rabin bulo.

Igiya ta kwanta kamar dama can barci take ji.
Aka kifar da baron mai rake,
abin da muke sha ɗazu ya koma gora.
Na ga yaro ya ɗaga benci a kan yaro,
su biyun na san faɗin kafaɗarsu,
na san wanda har yau ina binsa ɗari uku.
Sai tau! Barkonon tsohuwa.
Hayaƙi ba ya tambayar unguwa.
Muka ruga ƙofa, ƙofar guda ɗaya,
ɗayar an garƙame ta da kwaɗo tun azahar
kada wani ya shiga bai biya ba.
Da magariba filin ya rage
silifa, silifa, silifa,
ba wadda ta san inda 'yar'uwarta take.

Mutum goma sha ɗaya suka kwana a caji ofis.
Har da Tanimu mai acaɓa
da ke jiran fasinja a waje,
wanda bai san ko raga nawa ce a fili ba.
Wanda ya jefa bulon kuwa
na gan shi jiya yana cin tsire a Kwangila.
An ce za a buga sauran minti taran
ba ɗan kallo ko ɗaya,
sai 'yan sanda talatin.
Yanzu aka samo su.

Yau da hantsi Inna Lantana ta shigo,
ta kwance ƙulli a kan teburina:
ja, lamba tara, ta yage daga wuya zuwa ƙugu.
Ta wanke ta sau uku, in ji ta,
amma akwai jan da ya fi ja duhu.
Sallau yana Shika, ɗinki goma sha biyu a ƙeya,
ɗinkin likita ya fi nawa tsada.
Da ya farfaɗo bai nemi ruwa ba,
cewa ya yi, "Inna, an ba mu cin?"

Na ja aljihun keke.
Jan zare ya ƙare tun Laraba,
sai kore, ragowar na Gyallesu.
Na juya rigar ta ciki,
na taka keke a hankali,
na ɗinke ta yadda ba mai gani.
Zai sa ta, na sani.
Zai yi ihu a cikinta.
Ba zan gaya masa abin da ke riƙe da ita ba.